Neman asalin kakar matata a tsofaffin rajistocin Liverpool, wa ya san hanya?

Baban Safiyya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman wanda ya san kan tsofaffin takardun ƙasar nan. Surukina, wato mahaifin maman Safiyya, ya haura tamanin yanzu, kuma tun da ƙafa ta fara hana shi fita ba shi da zance sai na mahaifiyarsa. Ita dai a 1912 aka haife ta nan Liverpool, ta rasu tun kafin in zo ƙasar, abin da ta gaya wa 'ya'yanta har ta koma ga Allah shi ne ita marainiya ce, a gidan marayu ta tashi, tana da wa guda ɗaya da aka sa a jirgin ruwa ba ta ƙara ganinsa ba, in an matsa da tambaya sai ta miƙe ta ce bari ta ɗora shayi. Mun aika an kawo mana kwafin takardar haihuwarta. Wurin haihuwa an rubuta 144a Brownlow Hill, sunan uwa yana nan, gurbin uba kuwa layi kawai aka ja. Na duba taswira ban ga gida mai wannan lambar ba, babbar majami'ar 'yan Katolika ce a wajen. Daga ina ake farawa?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam Baban Safiyya. Ai ba za ka ga gidan ba don dama ba gida ba ne, gidan gajiyayyu ne na gwamnati, wanda suke ce wa wokhawus. Tun daga 1904 aka ba masu rajista shawarar su daina rubuta sunan wurin a takardar haihuwa saboda tabon yana bin yaro har wajen neman aiki da aure, sai a ƙirƙiri lambar gida a kan titin a rubuta. Na Liverpool lambarsa ke nan da ka gani. Yana cikin mafiya girma a Ingila gaba ɗaya, mutane dubbai ne a ciki, da aka rufe shi cocin Katolika ya sayi filin a 1930 aka rushe, shi ya sa ka tarar da majami'a.

Baban Safiyya:
Ikon Allah. To wannan gidan kurkuku ne ko asibiti ne ko me? Surukin nawa da na faɗa masa yanzu shiru kawai ya yi.

Maman Khalil:
Ba kurkuku ba ne, babban mutum in ya nemi fita ana sallamarsa, amma da gangan aka tsara shi ya zama wurin da ba wanda zai shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi. Dokar talakawa ta 1834 ce ta kafa tsarin a Ingila da Wales, aka haɗa unguwanni rukuni-rukuni kowane rukuni da gidansa da kwamitin da ke kula da shi. Kana shiga za a karɓe kayanka a ba ka na gida, miji ɓangarensa daban, mata daban, yara daban, aikin kuma fasa dutse ko warware tsohuwar igiyar jirgi da hannu ko wanki. Amma fa ka lura da shekarar, zuwa 1912 galibin waɗanda ke ciki tsofaffi ne da marasa lafiya da mata masu ciki, don shi ne asibitin talaka kafin a kafa NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, a 1948. A nan Brownlow Hill ɗin ma aka fara kawo horarrun nas-nas cikin irin waɗannan gidaje a 1865. Mace da yawa haihuwa kawai ta kai ta, in ta ji ƙarfin jikinta ta ɗauki ɗanta ta fita. Don haka kar ka yanke cewa a nan ta tashi.

Ga abin da za ka nema. Na farko rajistar shiga da fita, tana ba da ranar da aka karɓi mutum, shekarar haihuwa, sana'a, wanda ya ba da izinin karɓa, da yadda ya fita, ko da kansa ko an tura shi wani gida ko gawa. Na biyu, kuma ni ita na fi so, rajistar addini, don a ciki sau da yawa akan rubuta suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa, daga nan zare yake kamawa. Asalin littattafan suna ma'adanar tarihi ta birnin a babban laburare na William Brown Street, da yawansu kuma an ɗora a Findmypast, shafin binciken asali a intanet, laburaren unguwa da dama suna ba ka shiga irin waɗannan shafuka kyauta a kwamfutarsu, ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

Ɗan Zazzau:
Ni dai Baban Safiyya gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba. Baiwar Allah ta yi shekara tamanin tana rufe wani abu, ta mutu da shi a cikinta, kai kuma suruki ka zo kana tonawa. Layin da aka ja a gurbin uba kowa a nan ya san abin da yake nufi. Yanzu me za ka ƙara wa dattijon nan in ban da baƙin ciki a ƙarshen rayuwarsa? Kuma Safiyya za ta girma, mutanenmu ka san su da bin asali in maganar aure ta taso. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Hajiya Ta Leeds:
Haba Ɗan Zazzau. Ai ba shi ya tayar da maganar ba, ɗan matar ne da kansa ke nema, uwarsa ce fa. Kuma wane laifi jaririya ta yi?

Ɗan Zazzau:
Hajiya ban ce ta yi laifi ba. Cewa na yi rufin asiri abu ne da addini ya yi umarni da shi, kuma matattu ma suna da haƙƙi.

Hajiya Ta Leeds:
Haka ne, amma addinin dai shi ya ce a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Akwai yaro da aka sa a jirgi, in ya rayu ya hayayyafa to dattijon nan yana da 'yan'uwa na jini a wani wuri ba su san da shi ba bai san da su ba. Wannan ba tonon silili ba ne.

Maman Khalil:
Bari in sa baki kan layin nan don kar a ɗora wa matar abin da takarda ba ta faɗa ba. Eh yana nufin ba a ɗaura aure ba a hukumance. Amma tun daga 1875 doka ta ce in babu aure ba za a rubuta sunan uba ba sai ya zo da ƙafarsa tare da uwar wajen rajista. Liverpool garin ma'aikatan jirgin ruwa ne, mutum yana iya zama da mace shekara da shekaru kowa a layin ya san shi ne uban yaran, ranar rajista yana teku, sai a ja layi. Yana iya zama haka, yana iya zama wani abu mafi muni, 'yan aikin gida da yawa masu gida ne suka yi musu ciki aka kore su. Takardar ba ta bambance ba.

Bakano a Toronto:
Salam. Maganar jirgin nan ce ta sa na tsaya, don kusan na tabbata nan wajenmu aka kawo shi. Daga 1869 zuwa ƙarshen shekarun 1930 an kwaso yara sama da dubu 100 daga Birtaniya zuwa Kanada, ƙungiyoyin agaji da gidajen marayu ne ke kawo su a rarraba wa manoma, maza aikin gona mata aikin gida, kuma mafi yawa daga tashar Liverpool jiragen ke tashi. Yawancinsu ma ba marayu ba ne, talauci ne kawai. Ma'adanar tarihi ta ƙasar Kanada tana da rumbun sunayensu a intanet kyauta, ka sa sunan mahaifi ko na dangi da kimanin shekara zai ba ka sunan jirgi, ranar isowa, tashar da ya sauka ko Quebec ko Halifax, da ƙungiyar da ta kawo shi. Sunan ƙungiyar nan shi ne mabuɗi don fayil ɗin yaron yana hannunsu ko hannun wanda ya gaje su. Daga 1925 an hana kawo 'yan ƙasa da 14 ba tare da iyaye ba, to in yana ƙarami aka tafi da shi kafin nan ne. In ba ka same shi ba sai ka juya Ostireliya, su nasu ya ci gaba har bayan yaƙin duniya na biyu, shi ne wanda firaministan Ostireliya na lokacin Kevin Rudd ya nemi gafara a kai a 2009, na Birtaniya Gordon Brown ma ya nema a 2010.

Baban Safiyya:
Matsalar ba mu san shekarar haihuwarsa ba, sunan da take kiransa da shi ma kamar na wasa ne.

Maman Khalil:
Shiga shafin GRO, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ka yi rajista kyauta ne. Ka nemi haihuwar maza masu sunan dangin uwar a gundumar Liverpool da ta West Derby shekarun da suka gabaci 1912, waɗanda gurbin sunan uwa na budurci ya zo fanko su ne naka, haka ake sa wa wanda aka haifa babu aure. Sai ka duba ƙidayar 1911 ka ga ko yana tare da uwar. Amma babbar wadda za ta yi maka aiki ita ce ƙidayar 1921, an buɗe ta a 2022, ita ce aka sa a rubuta wa duk yaron da bai kai 15 ba ko iyayensa duka suna raye, ko uba ya mutu, ko uwa, ko duka biyun. Yarinyar tana da shekara tara ko kusa a lokacin. Ka kama wannan da kyau don bayanta sai rajistar jama'a ta 1939, ƙidayar 1931 ta ƙone ƙurmus a gobara a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi.

Kawu Na Wukari:
Ina ta karantawa tun jiya ban ce komai ba. Ku 'yan Ingila kuna ganin abin na Turawa ne kawai, mu nan muna da namu. Da Lugard ya yi shelar hana cinikin bayi a 1901, yaran da ake ƙwacewa daga ayarin fatake ba a san garinsu ba, wasu ko yarensu ba mai ji, sai gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru da wani a Borno. A 1909 aka miƙa yaran ga 'yan mishan na Sudan United Mission (SUM) a Rumasha bakin Binuwai, gidan da aka sa wa sunan Lucy wadda ta rasu a 1906, matar Karl Kumm da ya kafa mishan ɗin, daga baya aka dawo da shi nan Wukari. Kakar mahaifina a nan ta tashi. Sunan da muka san ta da shi ba shi uwarta ta raɗa mata ba, tsagar fuskarta kuma ba irin ta kowa ba ce a gidanmu, har ta mutu ba ta san ko daga wace ƙasa aka ɗauko ta ba. Jami'an lardi suna da rajistar 'yantattu, suna, jinsi, kimanin shekaru, ƙabila, inda aka 'yanta, da inda aka kai mutum, irin waɗannan takardu suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, na mishan ɗin kuma suna jami'ar Edinburgh. Na daɗe ina son in bi, manyan gidanmu ne suka ce in bari.

Ɗan Zazzau:
To ka ji Hajiya. Manyansu sun san abin da suke gudu. A Ingila in an ce kakarka a gidan gajiyayyu aka haife ta sai a yi shirin talabijin a yi hawaye a tafa, a wajenmu in takarda ta fito da kalmar baiwa wallahi akwai gidajen da za su mayar da kayan sa rana, har gobe.

Kawu Na Wukari:
Wannan gaskiya ne ba zan musa ba. Amma ɗan'uwa, garin kowa ya riga ya sani ai, gori ake yi a bayan ido tun ina yaro. Abin da ba mu sani ba shi ne sunanta na asali da ƙabilarta, wato ɓoyewar ba ta hana gorin ba, asalin kawai ta ɓatar mana.

Hajiya Ta Leeds:
Allah sarki Kawu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Admin:
A ci gaba da mutunta juna don Allah. Kuma kar wanda ya ɗora hoton takarda mai cikakken sunan mutane a nan.

Baban Safiyya:
Jama'a na dawo, afuwan kun ji ni shiru kwana biyu. Maman Khalil Allah ya saka da alheri, duk yadda kika faɗa haka muka bi ni da uwargida. Rajistar shiga ta nuna uwar ta shigo da tsohon ciki tare da ɗa namiji ɗan shekara huɗu, sana'a wankau, ta fita da kanta da yaran biyu bayan haihuwa, sannan ta sake dawowa ta sake fita, abin dai shiga da fita musamman lokacin sanyi. Daga 1915 yaran suka ɓace daga littafin. A ƙidayar 1921 mun sami yarinyar a wani gidan yara a wajen gari, ba zan faɗi sunansa ba, kuma a gurbin iyaye an rubuta uba ya mutu. Uba kawai. Uwar tana raye, mun same ta a wannan ƙidayar tana aikatau a wani gida ba nisa sosai, ba ta rasu ba sai cikin shekarun 1930. Yaron kuma Bakano gaskiyarka, yana cikin rumbun Kanada, 1920, shekara 12, Quebec ya sauka. Uwargida ta sha kuka. Abin da ke cinta shi ne shin ƙarya aka yi wa kakarta aka ce uwarta ta mutu, ko ta sani ita ce ta zaɓi ta ce marainiya ce.

Maman Khalil:
Alhamdulillah, kun yi sa'a sosai, garuruwa da yawa littattafan nan an zubar ko bom ya cinye lokacin yaƙi. Ɓacewar yaran a 1915 ba abin mamaki ba ne, daga wannan shekarar ne aka hana ajiye yaron da ya wuce shekara uku a gidan manya fiye da mako shida, dole a kai shi gidan yara ko a ba wani riƙo. Kuma dokokin 1889 da 1899 sun ba hukumar talakawa ikon karɓe haƙƙin iyaye in ta ga an yasar da yaro ko uwar ba ta cancanta ba a ganinsu, in an yi haka uwa ba ta da ta cewa ko za a kai shi bangon duniya. Ku nemi littafin zaman kwamitin na wannan shekarar, irin wannan hukunci ana rubuta shi da sunan yaro.

Sai dai ina roƙonku abu ɗaya, in fayil ya zo ku karanta shi kuna sane da wanda ya rubuta. Akawu ne ko jami'in bincike, mutumin da ya shiga ɗakin matar minti kaɗan ya fito ya rubuta ƙazama ce ko mashayiya ce ko marar tarbiyya, kuma da irin wannan rahoton ne ake halasta ɗauke yaron, ita ba wanda ya rubuta nata bakin. Kwanan wata da sunan jirgi da adireshi ku yarda da su, su ma da taka tsantsan don shekaru da rubutun suna sukan sha bamban daga littafi zuwa littafi. Hukuncin da suka yanke kan halinta kuwa ra'ayinsu ne. Wani lokaci a cikin fayil ɗin ake tarar da wasiƙun da uwa ta yi ta aikowa tana tambayar ɗanta, an ajiye ba a ba shi ba, su ne suke ƙaryata rahoton da ke shafin farko.

Ɗan Zazzau:
To yanzu ga shi an tono. Dattijon za ku gaya masa cewa kakarsa tana raye a gari ɗaya da uwarsa shekara da shekaru ba su haɗu ba? Ni da ni ne sai in ba shi labarin kawun nasa na Kanada in tsaya nan.

Hajiya Ta Leeds:
A nan kam na ɗan yarda da kai, a bi a hankali. Amma kar a yi masa ƙarya in ya tambaya, ƙaryar tausayi ce ai ta kawo mu nan tun farko, kowa yana ganin yana kare wani.

Baban Safiyya:
Ya riga ya tambaya Ɗan Zazzau, tambayarsa ta farko ke nan da muka shiga, yaushe ta mutu. 'Yarsa ta faɗa masa. Bai yi kuka ba, cewa ya yi yana tuna wata tsohuwa da mahaifiyarsa ke aika wa kati duk Kirsimeti tana ce musu tsohuwar maƙwabciya ce, yanzu so yake mu bincika ko wannan 'yar'uwar kakarsa ce, don adireshin da ke rajistar addini unguwa ɗaya ne da inda yake tunawa. Ka ga ke nan wataƙila ta san fiye da abin da ta faɗa.

Ɗan Zazzau:
Ka ga abin da nake faɗa, ta sani ta rufe. Allah dai ya sa hakan ne alheri. Ni roƙona kar a kai maganar gida wajen dangi, ta tsaya tsakaninku.

Bakano a Toronto:
Turo min sunan yaron da sunan jirgin ta inbos. Ƙidayar Kanada ta 1921 a buɗe take, yana iya fitowa a gidan wani manomi a Ontario ko Quebec a matsayin ɗan aiki ko ɗan haya, ta 1931 ma an sake ta a 2023, tamu ba ta ƙone ba, in ya yi aure zuwa lokacin za mu gani. Wasu sukan tsallaka Amurka in wa'adin aikinsu ya cika, to sai a duba takardun kan iyaka. Gwajin DNA ku bar shi ƙarshe kuma dattijon ne ya kamata ya yi ba uwargida ba, shi ya fi kusa, amma ku shirya don yakan fito da mutanen da ba ku nema ba.

Maman Khalil:
Fayil ɗin yaron kuma ka duba ƙungiyar da rumbun ya nuna. In gidan Myrtle Street ne na nan Liverpool wanda Louisa Birt ta kafa, ya koma ƙarƙashin ƙungiyar agajin yara ta Barnardo's tun shekarun 1920, wajensu za ka rubuta, suna da sashen tarihin iyali, ana biya kuma ana jira, wani sa'in har da hoton yaron ranar da aka karɓe shi don tun shekarun 1870 suke ɗaukar hoto. Ba sa ba kowa sai dangi na kusa, don haka surukinka ne zai sa hannu, a haɗa takardar haihuwarsa da ta mahaifiyarsa da ta yaron don a nuna uwarsu ɗaya, kuma za su so shaidar cewa mai fayil ɗin ya rasu, wannan sai Bakano ya taimaka daga can.

Kawu Na Wukari:
Admin in ba damuwa a buɗe mana wani zaren daban kan na Kaduna. Akwai wanda ke zaune a garin ya san yadda ake neman izinin shiga ɗakin karatun, ko sai da takarda daga jami'a?

Admin:
An buɗe Kawu, duba sama. Masu bayani kan Zungeru da Rumasha ku koma can.